Na sayi injin Beljiyam, bel ɗin tayimin ya gutsure: ta yaya zan gane ko bawul ya lanƙwashe?

Ɗan Hotoro:

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina neman shawarar waɗanda suka san inji, musamman iyayenmu kanikawa da suka daɗe suna taɓa Honda, domin abin da ya same ni ya fi ƙarfin ɗan sanin da nake da shi, ga shi kuma lokaci yana neman ƙure mini.

Motata Accord ce ƙirar 2000, ta Amurka, mai silinda 4, injinta F23. A watan jiya injin ya buga a hanyata ta dawowa daga Wudil, bayan baƙin mai ya tsiyaye ban ankara ba, da aka sauke kaskon ƙasa kuwa sai aka tarar metal ya narke har ya ci karanshaf. Bakanikena ya ce kuɗin da za a kashe wajen farfaɗo da shi ya kusa kuɗin wani injin, saboda haka na tattara abin da ke hannuna, na ƙara da rance, na sayi na Beljiyam a wajen wani dillali da yake kawo kaya daga Legas. Ya ba ni kwana 7 na gwaji, bisa sharaɗin kada a kwance tof silinda ko kaskon ƙasa, har ma ya shafa jan fenti a mahaɗar tof da bulok da kuma kan notunan kasko don ya gane idan an taɓa. Yau kwana 2 ke nan da ɗauko shi.

Injin yana nan a ƙasa a gareji, a kan tsohuwar taya, ba a kai ga ɗora shi ba. Jiya bayan la'asar aka cire murfin tafet da murfin robar da ya rufe bel ɗin tayimin ta sama, don kawai a ga lafiyar bel ɗin, sai muka tarar ya saki sosai. Yaron gareji ya sa sifana a notin fulin ƙasa ya fara juyawa zuwa dama kamar yadda ya saba, kuma ina tsaye na lura cewa da farko fulin sama bai motsa ba ko kaɗan, sai daga baya ya kama ya ɗan tafi, can kuma komai ya cije. Ogansa ya daka masa tsawa ya bari. Da aka haska tocila cikin murfin ƙasa sai ga ɓarɓashin baƙar roba, ga kuma wani sashe na bel ɗin ya zama sumul, haƙora 6 ko 7 sun gutsure. Rubutun UP da ke jikin fulin sama yana kallon gefe, alamomin fulin ƙasa kuma sun yi nisa da tsinin da ake saita su da shi.

Yanzu baki ya rabu biyu. Bakanikena yana ganin a sayo sabon bel, a saita, a ɗora injin a tayar, kunne zai faɗi gaskiya. Maƙwabcinsa na gareji kuwa cewa ya yi a ɗage tof silinda yanzu a huta da zato. Ni duka biyun suna ba ni tsoro: idan aka ɗora aka tarar da matsala zan biya kuɗin aiki sau biyu, kuma dillalin zai iya cewa a hannunmu ya lalace, idan aka ɗage tof kuma na karya sharaɗinsa da kaina. Shin akwai hanyar da za a tabbatar da tayimin, a kuma gane ko bawul ya lanƙwashe, injin yana ƙasa ba tare da an buɗe shi ba? Sannan juyin da yaron nan ya yi zai iya zama shi ya jawo ɓarnar? Allah ya saka da alheri.

Baba Mai Honda, Kwakwaci:

Wa alaikumus salam. Ɗana, Allah ya mayar maka da alheri. Kafin komai, kada a haɗa wa injin nan batir, kada a buga masa kik ko da sau ɗaya, kuma kada kowa ya sake sa masa sifana sai an zare fulogi 4 ɗin duka. Idan fulogi suna ciki, hannu ba ya bambance taurin iskar da ta matsu a silinda da taurin ƙarfe da ya tokari ƙarfe. Idan an zare su kuwa, duk cijewar da ka ji fistan ne ya tarar da bawul a hanyarsa, sai a tsaya nan take a koma baya.

F23 yana cikin injinan da fistan da bawul suke ratsa wuri ɗaya a lokuta daban-daban, bel ɗin tayimin kuma shi ne mai ba su hannu, wannan ya wuce kafin wancan ya shigo. Ran da mai ba da hannu ya bar bakin aiki, ka san abin da yake faruwa a mahaɗar titi.

Sannan yawancin injinan Honda masu silinda 4 na wancan zamanin, har da F23, hagu suke juyawa, wato saɓanin tafiyar hannun agogo idan kana fuskantar fulin. Toyota da yawancin motoci dama suke yi, haka ma Accord mai silinda 4 daga 2003, wadda aka sa wa inji mai sarƙa, shi ya sa yaran da suka buɗe ido a kan waɗannan suke mantawa. Juya F23 zuwa dama yana sassauta ɓangaren bel ɗin da ya kamata ya ɗame, kuma idan dama bel ɗin ya saki hakan yakan sa ya tsallake haƙori. Yaron ya yi kuskure, a ja masa kunne. Amma ƙarfin dantse da sifana ba ya aske haƙora 6 a jere. Wannan aikin injin da yake cikin gudu ne.

Ga yadda zan yi da a gabana yake. Tsohon injinka yana nan, to shi ne malaminku: ku saita shi a kan alamominsa ku ajiye shi kusa, duk inda kuka yi kokwanto ku duba shi. A cire fulin ƙasa da murfin ƙasa na sabon, a zare ruɓaɓɓen bel ɗin a adana shi, kada a yar. Sai a zura dogayen sanduna biyu masu tsabta kuma masu tsawo ɗaya, ɗaya a ramin fulogi na 1, wato wanda yake kusa da bel, ɗaya a na 2, a juya karanshaf a hankali ta inda bai cije ba har kawunan sandunan su yi kai ɗaya. A wannan wurin fistan 4 ɗin duka suna tsakiyar hanya, babu wanda yake kusa da bawul, don haka za a iya juya kamshaf shi kaɗai yadda ake so. Ku lura da yadda yake juyawa. Taurin sifirin yana zuwa ne yana wucewa, amma idan kamshaf ɗin yana kakkafewa ko yana gurza, to ka samu abin da ya aske bel ɗin. A taɓa famfon ruwa da fulin adjasta su ma, a ji ko sun kafe, a kuma duba ko bel ɗin ya jiƙe da baƙin mai.

Tun da bel yana waje, nan ne za a yi awon da ya fi kowane araha, wato tazarar tafet da fila geji, siraran ganyen ƙarfen nan da ake zurawa a auna tazara. Injin yana sanye, bawul ɗin shigar iska 0.26 na milimita ne, na fitar hayaƙi 0.30, ana yafe 0.02 sama ko ƙasa. A kawo UP sama a auna silinda ta 1, a juya kamshaf kwata zuwa hagu a auna ta 3, a ƙara kwata ta 4, a ƙara kwata ta 2, domin haka injin yake ba da wuta: 1, 3, 4, 2. Bawul 16 ne, a rubuta kowane a jikin kwali, kada a dogara da ƙwaƙwalwa, kuma kada a gyara saitin ko ɗaya. Bawul ɗin da ya lanƙwashe ba ya komawa mazauninsa ya zauna daram, yana maƙalewa ƙasa kaɗan, sai ka ga tazararsa ta yi faɗi har roka, wato ƙarfen da yake danna bawul ɗin, tana rawa a hannu.

Batun saita tayimin kuma, a mayar da UP sama, tsagu biyun da ke gefen fulin kamshaf su yi layi da saman tof silinda, sannan a kawo fistan na 1 ƙarshen hawansa ta hanya mafi kusa, sandar nan tana nuna muku. A jikin fulin ƙasa akwai alama ja da alama fara. Jar ta duba lokacin wuta ce, digiri 12 kafin fistan ya kai ƙololuwa, farar ita ce ƙololuwar kanta, kuma na sha ganin wanda ya saita bel a kan ja yana mamakin me ya hana mota ja. Ni ma farar ba na sakin jiki da ita a tsohon inji, saboda fulin gida biyu ne da roba a tsakani, idan robar ta tsufa gidan waje yakan zame da alamarsa. Alamar da ke jikin ƙaramin giyan karanshaf, wadda ake haɗawa da tsinin da ke jikin famfon mai, ita ce ba ta ƙarya. Ka kuma tuna karanshaf yana zagaye 2 kafin kamshaf ya yi 1, don haka idan bel yana ɗaure ka ga farar alama ta zo daidai amma UP yana kallon ƙasa, ba laifi ba ne, zagaye ɗaya za ka ƙara. Ku ari bel ɗin tsohon injinka ku ɗaura na wucin gadi, ku juya zuwa hagu da hannu zagaye 2 cikakku, ku ga ko alamomin sun dawo inda kuka bar su.

Direban Kano zuwa Kaduna:

Baba ya gama magana a kan ƙarfe, ni a kan ciniki zan yi tawa. Ɗan'uwa, kafin a taɓa notin fulin nan, ka kira dillalin ya zo da ƙafarsa, ko ya turo yaronsa ya tsaya a kan aikin. Idan ya ce ba shi da lokaci, ka ɗauki bidiyon komai da waya tun daga lambar injin da fentin da ya shafa har zuwa ɓarɓashin robar da ke cikin murfi, ka tura masa yau, ka kuma samu dattijo guda a garejin ya zama shaida. Kwana 7 ba su da yawa, kuma na san yadda ake yi: yau ya tafi ɗaurin aure, gobe wayarsa a kashe, jibi a ce maka wa'adi ya cika.

Na taɓa shan irin wannan a tawa motar. Bel ya tsinke mini daf da Kwanar Dangora da rana tsaka, motar ta mutu shiru kamar an zare makulli, ni kuma da rashin sani na zauna ina ta buga kik ina jin injin yana juyawa sakayau da sauri fiye da kullum, ina cewa mai ne bai hau ba. Da aka buɗe, bakaniken ya jera mini bawul-bawul a kan benci, ya mirgina su ɗaya bayan ɗaya, kawunansu suna rangaji kamar tayar da rim ɗinta ya lotse. Ya ce wasu tsinkewar ce ta lanƙwasa su, wasu kuma ni ne da kik ɗina. Wanda ya yi amfani da injinka a can ƙasar waje ma mutum ne, da wuya a ce bai gwada tayarwa ba bayan ta mutu masa.

A ganina ma ba sai an yi wani gwaji ba. Kullum abin da ake faɗa mana shi ne daga motar da ta yi hatsari aka ciro injin, yana aiki garau. Injin da haƙoran bel ɗinsa suka aske ba ya cikin aiki aka ciro shi, wannan kaɗai ya isa dalilin mayarwa. Idan ya ƙi, akwai shugabannin ƙungiyarsu, kuma sukan raba irin wannan gardama idan ka je da hujja da ladabi.

Injiniya daga Kabuga:

Ina tare da direba a kan kiran dillali, amma ban yarda a mayar ba tare da gwaji ba. Abin da zai faru shi ne ya miƙo sabon bel ya ce ai roba ce kawai ta tsufa, a ɗaura a tayar, kuma a lokacin ba ka da abin da za ka ce masa. Hujjar da ba ta da amsa ita ce a nuna masa silindar da ba ta riƙe iska.

Malam, akwai abu guda a bayaninka da ya fi sauran muhimmanci, wato cewa fulin sama bai motsa ba da aka fara juyawa. Ma'anarsa sashen da ya aske yana zaune ne a kan giyan karanshaf tun daga ranar da injin ya mutu: karanshaf ya ci gaba da gudu, kamshaf ya tsaya cik, bawul-bawul ɗin da suke buɗe a wannan daƙiƙar suka kasance a buɗe. Juyin baya da yaron ya yi ne ya jawo lafiyayyun haƙora suka sake kamawa. Da haƙori ɗaya kawai bel ɗin ya tsallake, da sai in ce ka kwantar da hankalinka, domin wannan yakan tsaya ne a rashin ƙarfi da rawar silo. Naka ya wuce nan.

Awon tafet da Baba ya kawo daidai ne, kuma da shi ake farawa, sai dai, da neman afuwar Baba, yana kama babbar lanƙwasa ne kawai. Bawul yana iya karkacewa kaɗan yadda tazararsa ba za ta wuce ta injin da ya daɗe ba a yi masa saiti ba, amma yana zubar da iska, kuma bayan 'yan watanni zafin hayaƙin da yake tsiyaya ta gefen ya ƙone bakinsa. Abin da yake tona wannan shi ne gwajin hura iska. Akwai geji na musamman mai agogo biyu da ake yi da shi, wanda yake nuna yawan iskar da ta zube. Asarar da ba ta wuce 10 cikin 100 ba lafiya ce, wadda ta haura 20 kuma tana buƙatar bincike. Idan ba a samu ba, a ɗauki tsohon fulogi a fasa farin tangaran ɗinsa a fitar, mai walda ya haɗa masa bakin tiyo, a jawo iska daga injin mai faci. Wannan ba zai ba ka lamba ba, amma kunne da tafin hannu za su ba ka labari.

Bayan an ɗaura bel ɗin aro an tabbatar da alamomi, sai a kawo silinda ta 1 ƙololuwa a juyin matsa iska, lokacin da rokokinta 4 duka suke sake. A tokare filawil da kyau, a cire sifana daga notin fuli, domin idan iska ta shiga tana iya tura fistan ƙasa da ƙarfi, sifanar da aka manta kuma ta karya hannun mutum. A buɗe iska kaɗan-kaɗan. Idan huci yana fita ta bakin totur, bawul ɗin shigar iska ne. Idan ta ramin hayaƙi yake fita, inda manifol ɗin salansa yake kamawa, na fitar hayaƙi ne. Ta wurin zuba baƙin mai ko ramin sandar awon mai, ringi ne, kuma ɗan huci a nan dole ne a kowane inji, balle mai sanyi. Ta hanyar ruwa ko ta ramin fulogin maƙwabciya, gasket ne ko tsagewa. Sai a juya karanshaf rabin zagaye zuwa hagu a yi wa ta 3, haka ta 4, haka ta 2.

A yi hattara da abu ɗaya don kada a zalunci dillalin. Injin da ya yi watanni a yadi da cikin kwantena, wasu bawul ɗinsa a buɗe suka yi zaman, tsatsa da ɓarɓashin gawayi sun kwanta a mazauninsu, don haka suna iya huci alhali a miƙe suke. Idan kun ji huci, ku bar iskar a buɗe, ku ɗora katako a kan rokar bawul ɗin ku ɗan buga da guduma sau 2 ko 3, a hankali, saboda fistan yana kusa. Datti ne, iskar za ta busa shi hucin ya ragu ko ya ɗauke. Lanƙwasa ce, ba abin da zai canza.

Akwai kuma 'yar kyamarar nan mai siririyar waya da fitila a baki, wadda ake jonawa da wayar hannu, masu duba mota da kwamfuta da dama suna da ita. A saukar da fistan, a zura ta ramin fulogi. Inda bawul ya daki fistan yakan bar tabo kamar jinjirin wata, fari a cikin baƙin gawayi.

Gwajin kwamfireshan da aka fi sani, wato awon ƙarfin matsa iska a silinda, ba na yanzu ba ne, saboda yana buƙatar kik, kik ɗin wannan motar kuma a jikin giyabos yake ɗaure, sannan an fi son injin da zafinsa da totur a buɗe. Ka dai riƙe lambobin don ranar da aka ɗora: lafiyayye yana ba da kimanin 178 a ma'aunin matsin iska na psi, kada ya gaza 135, kuma bambancin silinda da silinda kada ya wuce 28. Kada kuma wani ya ce zai gyara maka tayimin ta hanyar murɗa distiributa. Kalma ɗaya muke amfani da ita ga abu biyu, lokacin buɗewar bawul da lokacin ba da wuta, na biyun kuma a wannan ƙirar birenbos, wato kwamfutar motar, ne yake sarrafa shi.

Ɗan Hotoro:

Allah ya ƙara girma, Baba. Injiniya da ɗan'uwa direba, Allah ya bar zumunci. Na bi maganarku yadda kuka tsara. Dillalin bai zo ba amma ya turo ƙaninsa, a gabansa aka yi komai jiya daga safe har azahar.

Kamshaf yana juyawa lafiya, famfon ruwa ma haka, sai dai bel ɗin ya jiƙe sharkaf da baƙin mai, cikin murfin ƙasa kuma duk danƙo ne. A awon tafet, bawul 12 sun faɗo tsakanin abin da Baba ya faɗa ko kusa da shi. Biyun shigar iska na silinda ta 4 kuwa sai da aka haɗa ganyen geji har 0.90 yana wucewa, rokar tana ƙwas-ƙwas idan an taɓa. Biyun fitar hayaƙi na silinda ta 2 sun ba da 0.36 da 0.38, bakanikena ya ce wannan ba komai ba ne, tsufa ne. Da aka hura iska, ta 1 ta riƙe. Ta 3 ta yi huci ta bakin totur har gabana ya faɗi, aka ɗora katako aka buga sau 2, muka ji fat, hucin ya ɗauke. Ta 4 iskar wucewa kawai take yi kamar babu bawul. Ta 2, wadda aka ce tsufa ne, da na kara tafin hannuna a ramin hayaƙinta sai da iskar ta ture shi, kuma bugu bai canza komai ba. Mun samu aron kyamara, ga tabo biyu kamar jinjirin wata a kan fistan na 4, masu zurfi, ƙanin dillalin da kansa ya karɓi wayar ya ƙura musu ido bai ce uffan ba.

Da daddare yayan ya kira ni. Bai yi gardama ba, ya ce shi ma a haka aka haɗo masa. Ya ba ni zaɓi biyu: ko in mayar in jira wani kayan da yake sa ran isowarsa nan da mako 2, ko in riƙe wannan ya mayar mini da wani kaso na kuɗina in gyara. Bakanikena yana son na biyu, ya ce mu ɗauko tof ɗin tsohon injina mu ɗora a kan wannan bulok ɗin, tun da ta ƙasa wancan ya lalace. Me kuke gani?

Injiniya daga Kabuga:

Sakamakon ya yi daidai da lissafi. A injin da yake ba da wuta 1, 3, 4, 2, lokacin da ta 1 take bugu, ta 3 tana matsa iska, duka biyun bawul ɗinsu a rufe. Ta 4 tana zuƙa, ta 2 tana fitar da hayaƙi. Waɗanda suka lalace su ne daidai waɗanda suke buɗe sa'ad da kamshaf ya tsaya, wanda yake wanke yaron garejin daga zargi. A faɗa masa, don na tabbata bai yi barci mai daɗi ba kwanakin nan.

Baba Mai Honda, Kwakwaci:

Injiniya ya yi gaskiya a kan silinda ta 2, da awona kaɗai aka bi da ta wuce mu.

Ɗana, da ni ne zan mayar in jira, in dai kana da abin hawa na mako 2, da sharaɗin cewa wanda zai zo a yi masa waɗannan gwaje-gwajen a shagon dillalin kafin ka biya kuɗin ɗauko shi. Ka sayi inji ne don kada a buɗe, da zarar an buɗe kuwa ka koma gyaran da ka gudu tun farko.

Idan larura ta sa ka riƙe, kada ka yi saurin amincewa da tsohon tof ɗinka. Rashin mai ne ya kashe wancan injin, kamshaf ɗin F23 kuma a kan alminiyon tof ɗin kansa yake kwance ba tare da metal ba, kuma shi ne wuri mafi nisa daga famfon mai. A ɗaga kamshaf a duba makwancinsa. Idan farce yana kama zane, a bar shi. A buɗe 'yar rariyar da ke bayan solinoyid ɗin VTEC, idan injin mai shi ne, a ga ko garin ƙarfe ya taru. A ɗora miƙaƙƙen ƙarfen awo a fuskar tof ɗin ta tsawo da ta kusurwa, ganyen 0.05 kada ya wuce ta ƙarƙashi. Sau da yawa ya fi sauƙi a gyara tof ɗin da ya zo da injin: a canza bawul 4 ɗin, a duba gayid ɗinsu da kyau domin bugun fistan yakan tsaga shi, a wasa sababbin a mazauninsu, sannan a kifa tof ɗin da fulogi a ɗaure a cika ramukan da kananzir, a bar shi ɗan lokaci a ga ko akwai inda ya jiƙe ta baya. Duka 16 za a yi wa haka, ba 4 kaɗai ba. Fistan na 4 kuma a goge kansa a duba gefen da aka daka, idan tabon ya kai baki yana iya matse ringin sama.

Ko wane inji ka ƙare da shi, kada a ɗora shi da bel ɗin da ya zo da shi. Mai ne ya ruɓar da wannan, don haka sil ɗin kamshaf da na karanshaf da na balansa, wato shaf ɗin da yake rage karkarwar inji, duk a canza, tare da famfon ruwa da adjasta da ƙaramin bel ɗin balansa, duk ana samu a Ƙofar Ruwa, ka tafi da bakanikenka ya zaɓa da hannunsa. Honda ta ce a canza bel a mil 105,000 ko shekara 7, amma ta rage zuwa mil 60,000 ga motar da take yawan aiki a zafin da ya haura digiri 43, kai kuma ka san yadda kwalta take a Kano a watan Afrilu, don haka ƙaramar lambar nake bi. Wajen ɗaure bel, bayan an juya injin zuwa hagu zagaye 5 ko 6 ya zauna, a dawo kan alama, a sassauta notin adjasta, a juya zuwa hagu haƙora 3 na fulin sama, sannan a ƙulle. Balansar baya kuma tana da rami a bayan bulok da aka toshe da noti. A cire shi a zura kusa mai kaurin milimita 6 ta shige cikin shaf ɗin ta riƙe shi kafin a ɗaura ƙaramin bel, in ba haka ba za ka samu tayimin daidai amma sitiyari yana karkarwa a hannunka. A tuna a zare kusar a mayar da notin kafin a juya injin.